Ranar da Tarin Baba Ya Ƙi Tsayawa

Jama'a, kafin ku fara yi min faɗa a sharhi kamar yadda wasunku suka saba, ku bari in gaya muku abin da ya faru ranar Lahadin nan. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Marnie Runyon, malamar firamare ce ni a Harlow Creek, ɗan garinmu da duwatsun West Virginia suka matse, inda kowane gida ko dai yana da mutum a ramin kwal ko yana da hotonsa a bango. Saurayina Emmett Tolliver, a ƙaramin asibitin huhu na gundumarmu yake aiki, shi ke gwada numfashin mutane. Gidanmu kaf sun gama ɗaura mana aure a zuciyarsu, ni kaɗai ce ban ce na'am ba. Abin da ba su sani ba, wata makaranta a birnin Columbus, can wata jiha, ta ba ni aiki, kuma na yanke cewa ranar zan faɗa.

Ina tsaye gaban madubi da safe, ina fama da zif ɗin baƙar rigata ta zuwa coci, wayata ta yi ƙara. Yayata Tabby ce.

“Cire baƙar nan, ba jana'iza za ki ba. Sa shuɗiyar mai fararen furanni.”

Na rubuta mata, “Ta ina kike ganina?”

“Na san ki ne. Kuma ki gyara farcenki. Wani zai zo cin abincin rana da wani abu a aljihu. Cough cough.”

Kalmar tari ke nan a Turancinmu. Ɗalibaina sun tsane ta, kullum sai sun yi min ƙorafi cewa rubutunta daban, furucinta daban. Idan aka jera ta sau biyu a saƙo irin yadda Tabby ta yi, ba ciwo ake nufi ba, tsokana ce, irin gyaran muryar da ake yi da gangan don ka gane ana nufinka. Amma a garinmu kalmar tana da wata fuska da ba a wasa da ita. Idan aka ce wane yana da a cough, mura ce, ya sha shayi da zuma ya kwanta. Idan aka rage murya aka ce wane yana da the cough, to ba tari ba ne kuma, tarin ne, wanda kowa ya sani, wanda ramin kwal ke sallamar mutum da shi. Ba ma kiran sunan ciwon. Kakana da shi ya tafi, yana zaune a baranda da robar iska a hanci.

Na sa shuɗiyar rigar. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Na ɗaure gashina baya, na sa 'yan kunnen Mama na azurfa.

A coci ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Da fasto ya zarce lokaci, sai Baba ya yi abin da ya saba, ya dunƙule hannu a baki ya yi ɗan tari biyu. Layinmu duk aka sunkuyar da kai ana danne dariya, Mama ta zungure shi da gwiwar hannu. Haka Babana yake, Dewey Runyon. Ba mai yawan magana ba ne, da tari yake magana. Idan Mama ta fara gulmar maƙwabta, tari. Idan saurayi ya daɗe a ƙofar gida, tari. Tun muna yara muka iya karanta shi.

Da muka dawo gida, Mama ta riga ta shimfiɗa farin mayafin tebur na auren kakata, wanda ba ya fitowa sai Kirsimeti. Soyayyar kaza, wake da naman alade, burodin masara a baƙin kaskonta, markaɗaɗɗen dankali, tulun shayi mai ƙanƙara yana zufa a tsakiya. Har da kek ɗin tuffa mai hawa-hawa da take kwana biyu tana haɗawa.

Na ce, “Mama, gwamna ne zai zo?”

Ta ce, “Ke dai ɗauko farantai masu bakin zinariya, ki daina surutu.”

Tabby ta zo ita kaɗai, mijinta yana aiki, yaran suna gidan surukarta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama hannuna ta duba farcen.

“To, ba laifi. Aƙalla yatsan ba zai ba mu kunya a hoto ba.”

Na fizge hannuna. “Ke fa ba ki da aiki.”

“Ina da shi mana. Aurar da ke.”

Sai ga Emmett. Farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, da lakatayen da na tabbata na babansa ne, gashinsa a kwance da ruwa kamar ɗan makaranta ranar hoto. Ya miƙa wa Mama furanni, ya gaisa da Baba hannu biyu, ya dube ni ya yi murmushin nan nasa mai karkata gefe ɗaya. A raina na ce, ya Allah, me ya sa ka yi mutumin nan da kirki haka? Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Aljihun wandonsa na dama ya yi tudu mai kusurwa huɗu. Ko makaho ya san akwatin zobe ne.

Baba ya yi addu'a a gajarce, aka fara ci. Ni dai juya cokali kawai nake cikin dankali. Wayata ta yi motsi a cinyata. Tabby ce, daga can gefen tebur.

“Yi murmushi mana. Kamar wadda aka kawo kotu.”

Emmett ya ajiye cokalinsa, ya goge baki, ya goge tafin hannu a wando.

“Mista Runyon, Misis Runyon, akwai maganar da na daɗe ina so in yi a gabanku…”

“Na samu aiki a Columbus.”

Ni na faɗa. Bakina ne ya riga ni.

Mama ta ce, “Me kika ce?”

“Makaranta ce babba, Mama. Suna so in fara a watan Agusta. Sun ba ni zuwa Juma'a in ba su amsa.”

“Marnie Jo Runyon.” Idan Mama ta haɗa sunana uku, to ta kai maƙura. “Yaron nan yana tsakiyar magana.”

“Na san maganar da zai yi. Kowa a teburin nan ya sani. Har mai sayar da fetur ya taya ni murna jiya. Ni kaɗai ce ba wanda ya tambaya.”

Tabby ta ce, “To ai tambayar zai yi kika katse shi, uwar gaggawa.”

“A gaban kek da mayafin Kirsimeti? Wannan tambaya ce ko tarko?”

Emmett ya ce a hankali, “Marnie, ba haka nake nufi ba.”

“Ban ce ba na sonka ba, Emmett. Amma me ake yi wa sauri? Tun bazara Mama ta hana ni shan ruwa. Ki yi aure kafin sanyi, ki yi aure kafin sanyi. Me zai faru da sanyin? Duniya za ta tashi?”

Na ga Mama da Tabby sun kalli juna. A lokacin ban fahimci kallon ba.

Sai Baba ya dunƙule hannu a baki ya yi tari.

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Duk rayuwata wannan sautin ma'anarsa ɗaya ce, ya isa haka, a rufe zancen. Raina ya riga ya ɓaci, na juya na ce, “Baba, don Allah, ba yau ba. Yau kam tarin nan naka ba zai rufe min baki ba.”

Tarin bai tsaya ba.

Ya sake yi, ya sake, kowanne ya fi na baya zurfi, kamar ana jan sarƙa daga ƙasan rijiya. Ya dafe bakin tebur, kofin shayinsa ya kife a kan farin mayafin. Fuskarsa ta yi ja, daga nan ta fara komawa kalar toka. Yana neman iska, iskar tana shiga da wani siririn fito da ban taɓa ji daga ƙirjin Babana ba. Na taɓa jinsa dai. A baranda, ina 'yar shekara tara, daga ƙirjin wani.

Kafin in motsa, Emmett ya riga ya tashi. Bai tambayi kowa komai ba. Kai tsaye ya shiga kicin, ya miƙa hannu saman firji, bayan gwangwanin biskit, ya ɗauko wata 'yar robar fesa magani. Ya durƙusa gaban Baba.

“Sunkuyo gaba, Mista Runyon. Gwiwar hannu a kan cinya. Yauwa. Fitar da shi a hankali, kamar kana hura miya. Yanzu ja.”

Ina tsaye kamar an dasa ni. Abu ɗaya ne kawai yake yawo a kaina. A gidan nan aka haife ni, kullum sai na goge saman firjin nan ta gaba, ban san da robar ba. Emmett ya sani. Na dubi Mama, ba firgici a fuskarta, gajiya ce kawai. Na dubi Tabby, ta toshe baki da hannu tana hawaye, irin kukan wanda ya riga ya saba.

Da tarin ya lafa, Baba ya goge baki da hankicinsa ya yi saurin dunƙule shi. Bai yi saurin da ya isa ba. Na ga abin da ke ciki, baƙi-baƙi kamar an wanke tukunya.

Emmett ya tallafe shi suka fita baranda. Ƙofar raga ta rufu a bayansu.

Na ce, “Tun yaushe?”

Mama ta fara tattara farantai. “Bari in jiƙa mayafin nan kafin shayin ya kama.”

“Mama, ajiye farantin. Tari ne, ko tarin ne?”

Ta ajiye. Ta zauna a kujerar Baba, ta kama bakin mayafin tana murzawa.

“Tarin ne.”

“Tun yaushe?”

“Tun ƙarshen sanyin da ya wuce aka tabbatar.”

Na juya ga Tabby. “Ke ma?”

“Ni na kai shi ranar da aka ɗauki hoton ƙirjin. Marnie, rantsar da mu ya yi. Ya ce ke ce mai raunin zuciya, ya ce in kika sani za ki jingine rayuwarki ki zauna kina kallonsa.”

“Shi ne kuka ga gara ku jingine min ita da kanku, ku ɗaura min zobe a kai?”

Mama ta ɗago, idonta ya kaɗa. “So yake ya taka da ƙafarsa ya kai ki gaban fasto, ba yana jan tukunyar iska a baya ba. Abin da ya roƙa ke nan. Shi kaɗai. Shekara talatin da wani abu ina aure da mutumin nan, bai taɓa roƙona komai ba. Me kike so in yi?”

Na fita ta ƙofar baya na zagaya inda motar Emmett take, na jingina da ita cikin zafin rana. Ba a jima ba ya zo. Ya kwance lakatayen, ya cusa a aljihu.

“Ya samu sauƙi. Yana zaune.”

“Kai ka gwada shi.”

“Ni ne.”

“Ka gwada shi da safe, da yamma ka zo ka kai ni cin askirim kana ba ni labarin kare.”

“Marnie, majinyacina ne. Abin da ya hura a na'urata ba nawa ba ne da zan ɗauka in ba wani, ko da ke ce. In na yi haka, ba wani mahaƙi a gundumar nan da zai sake zama a kujerata. Kin san yadda suke. Da ƙyar muke samu su zo.”

“Kada ka yi min wa'azin aiki. Kana kallon idona wata da watanni.”

“Ina kallo. Kuma ba daren da ban ji kamar in kira ki ba.” Ya shafa ƙeyarsa. “Na roƙe shi har na gaji. Na ce masa ba zan nemi aurenki da wannan abu a tsakaninmu ba. Ya yi min alkawari yau zai faɗa miki.”

“Yaushe?”

Ya kawar da kai.

“Emmett. Yaushe a yau ɗin?”

“Bayan kin amsa.”

Dariya ta kufce min, marar daɗi. “Wato a ɗaure akuyar tukuna, sannan a nuna mata wuƙa.”

“Ban ji daɗin tsarin ba. Na yarda da shi, kuma laifina ne.”

“Gaya min gaskiya ɗaya. Zoben nan, don ni ka saya ko don shi?”

Ya zaro akwatin, bai buɗe ba, ya riƙe shi a tafin hannu. “Tun kafin ya taka ƙofar asibitinmu na saye shi. Tsoro ne ya hana ni, don na ga yadda kike kallon titin fita garin nan duk lokacin da muka wuce. Ban san da Columbus ba, amma na san akwai wani wuri.”

Wallahi da ya yi min ƙarya da na fi samun abin riƙewa. Na ce, “Mayar da shi aljihu. Ba zan iya kallonsa yau ba.”

Ya mayar. Ya buɗe ƙofar mota, sai ya tsaya.

“Tunda kin gani da idonki, akwai abin da zan faɗa wanda ba sirri ba ne. Duk Litinin babbar likitar huhu tana zuwa daga birni. Kowa ya san haka, a bango ma an rubuta. Mai irin wannan ciwon, in ya bar ƙura da wuri, ana iya rage masa gudu. In bai bari ba…” Ya kaɗa kai. “Ki tambaye shi inda yake zuwa ranar Litinin.”

Na sami Baba a baranda, a kujera mai lilo, yana kallon dutsen da ke fuskantar gidanmu. Sai a lokacin na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina nake duk watannin nan? Na zauna a matakala kusa da takalminsa.

Ya ce, “Na ɓata wa uwarki mayafi.”

“Baba, ka yafe min abin da na faɗa.”

“Me kika faɗa? Gaskiya ce. Na daɗe ina rufe bakin mutane da shi.” Ya ɗan numfasa. “Columbus, ko? Gari ne mai kyau. Na taɓa zuwa kallon ƙwallo. Ki tafi, 'yar auta.”

“Gobe ina za ka?”

“Aiki mana.”

“Ramin?”

“A'a, wankan teku.”

“Baba.”

“Marnie, kin ga kujerar nan? A nan kakanki ya zauna ranar da ya daina shiga, bai sake tashi ba. Muddin ina ɗaukar kwanon abincina da safe, ni mutum ne mai zuwa aiki. Ranar da na ajiye shi, na zama wanda ake gaisarwa da ƙaramar murya.”

“Likitar fa?”

“Me za ta gaya min da ban gani da idona a barandar nan ba?”

Ya miƙa hannu ya dafa kaina kamar ina yarinya. Na san Babana, ba a kayar da shi da baki.

Washegari na riga shi tashi. Na tura wa shugabar makarantarmu saƙo cewa ba zan samu zuwa ba. Na sa wandon jins da tsohuwar rigar sanyin Tabby, na zare makullin a-kori-kurarsa daga ƙusar bayan ƙofa, na fita na zauna a kujerar direba. Gari ya fara haske, hazo na kwance a kan rafi. Mama tana tagar kicin tana kallona, sai ta saki labule.

Ya fito da kayan aikinsa masu ratsin haske, kwanon abinci a hannu. Ya tsaya a matakala ya dube ni. Ya sauko a hankali, ya zo jikin taga.

“Matsa.”

“Ba zan matsa ba.”

“Zan makara.”

“To shiga in kai ka.”

Ya daɗe a tsaye. Na ƙanƙame sitiyari. Daga ƙarshe ya zagaya ya shiga, ya ɗora kwanon a cinya. Na murɗa makulli, tsohuwar motar ta yi nata tarin kafin ta tashi.

Muka wuce coci, muka wuce gidan mai, muka haye gada. A gaban gadar, titin ya rabu biyu. Dama tana hawa dutse zuwa ramin. Hagu tana gangarawa cikin gari, inda asibitin yake. Na taka birki a tsakiya, na bar injin yana aiki.

Na ce, “Ba zan sace ka ba, Baba. Kai za ka faɗa. Amma ka sani, duk inda ka ce, zan kai ka har ƙofa, in zauna a mota in jira ka fito. Yau da gobe da jibi. Columbus ta jira, Emmett ma ya jira.”

“Wannan ai shi ne abin da na guda.”

“Na sani.”

Wata mota ta tsaya a bayanmu, abokan aikinsa ne, suka danna ham, suka kewaye mu. Ɗaya ya leƙo ta taga yana dariya, “Dewey, yau direba ka samu?” Baba ya ɗaga musu hannu. Muka bi fitilunsu da kallo har suka ɓace a kwanar dutse.

Ya dubi kwanon da ke cinyarsa. Ya shafa murfin da babban yatsa, inda fentin ya goge. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

“Hagu,” ya ce.

Na sa sigina duk da ba kowa a titin. Mun ɗan yi tafiya, yana kallon waje ta tagarsa, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

“'Yar auta.”

“Na'am, Baba.”

“In mun je, ki shiga tare da ni. Tsoro nake ji.”